Ɓaraguzan Gidan Alhaji

(Unguwar Jekadafari, Gombe. An gama gyaran gidan Alhaji, tsibin ɓaraguzai ya cinye rabin layi. Awakin maƙwabta har sun mayar da shi wurin shan iska.)

ALHAJI: Magini, ina zuwa da shebur a kafaɗa?

MAGINI: Gida mana, Alhaji. Aiki ya ƙare, cikon kuɗina nake jira.

ALHAJI: Ya ƙare? Wannan tulin da ka jibge min a ƙofar gida fa? Ko mota na kasa fitarwa.

MAGINI: Ai kayanka ne. Bulonka, tsohon silinka, fasasshen tayil ɗinka. Ni ko tsakuwa ban zo da ita daga gidanmu ba.

ALHAJI: Lokacin da yake nawa a tsaye yake, sunansa bango. Tun 1996 na gina shi, shekarar da aka ba mu jiha, da simintin Ashaka tsantsa. Kai ka sa guduma ka mayar da shi shara.

MAGINI: To Alhaji, wanzami in ya yi maka aski, da gashin yake tafiya?

ALHAJI: Shi yake sharewa!

MAGINI: A shagonsa ke nan. Ni a gida na same ka.

ALHAJI: Da muka yi jinga ban ce ka gama min komai da komai ba?

MAGINI: Ka faɗa. Ni kuma na lissafa maka: rusawa, ɗora bulo, filasta, tayil. Da na zo kan kwashe shara, na ce tifa sahu 2 da kuɗin masu lodi, sai ka ce an kira sallah, ka tashi.

ALHAJI: An kira ɗin ai.

MAGINI: Ƙarfe 11 na safe, Alhaji?

(Alhaji ya gyara zaman hula. Duk wanda ya taɓa cinikin rago da shi ya san wannan gyaran hular.)

ALHAJI: Bari in ba ka shawara. In dare ya yi, sa yaranka su ɗauko baro, a riƙa tura shi cikin kwata kaɗan-kaɗan. Ruwan farko zai yi gaba da shi.

MAI UNGUWA: (daga bayansu) Gaba ina? Ɗakina?

ALHAJI: Ranka ya daɗe, ashe kana kusa. Wasa muke.

MAI UNGUWA: Gombe a kwari take, Alhaji, ruwa ba ya mana da wasa. Ka toshe kwata da bulo, damina ta shigo, mu kwana muna kwalfe ruwa da bokiti? In mutanen GOSEPA, hukumar tsaftar muhalli ta jiha, suka zo, gidanka zan nuna musu. Ku raba kuɗin tifa gida biyu, magana ta mutu.

ALHAJI: Ko sisi. A cire a cikonsa.

MAGINI: A taɓa cikona, wallahi in ɓamɓare tayil ɗin ɗakin Hajiya in ƙara a kan tsibin.

(Sai ga tifa tana ja da baya, yaron mota yana bugun bodi. Direba ya leƙo.)

DIREBA: Salamu alaikum. Wannan ne ɓaraguzan? Ciko ake nema a Pantami, wani fili ne zaizayar ƙasa ta ci gefensa. Sahu ɗaya naira 15,000.

ALHAJI: Mu biya?

DIREBA: A biya ku.

ALHAJI: Alhamdulillahi! Sannu da zuwa, ɗana. Kayana ne, ni ne mai gidan. Ka ga bulon nan? Irin na da ne, yanzu ba a buga irinsa. Ka dai ƙara wani abu.

MAGINI: Tsaya, Alhaji. Ɗazu ka ce sunansa shara, kuma ni na yi ta.

ALHAJI: Kai kuma ka ce ko tsakuwa ba ka zo da ita ba.

MAGINI: Guduma ta wa? Gumin wa? Ga kanta nan a tafin hannuna. Ko rodin da ke ciki ni na sa yara suka miƙar da shi.

ALHAJI: Wane rodi?

MAGINI: (ya dubi sama) Baban bola ya wuce jiya.

ALHAJI: Ka sayar min da rodi!

MAGINI: Na rage maka shara.

MAI UNGUWA: Ku saurara. Abin da ya kwana a kan layi na unguwa ne. Ga ramuka nan daga nan har bakin masallaci, masu Keke Napep kullum suna kuka. Sai dai in za a ba unguwa kasonta.

DIREBA: Ku yi haƙuri, iyayena, ni ba ciniki na zo yi ba. An riga an biya tun safe, lodi kawai zan yi.

ALHAJI: An biya wa?

HAJIYA: (daga zaure) Ni. Tun da kuka fara musu ranar Talata na aiki yaro tashar tifa.

ALHAJI: Hajiya! To ina kuɗin?

HAJIYA: Na zuba adashi. Magini, in ka gama da shi, famfon kicin yana yoyo.