Jabun magani: kafin a kai ga rataya, ina hujja?

A watan Fabrairun 2025, lokacin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta garƙame kasuwar magani ta Idumota a nan Legas tare da ta Onitsha da ta Aba, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta nemi a riƙa yanke wa masu safarar jabun magani hukuncin kisa. A majalisun 'yan Arewa na Agege da Mile 12, da yawa sun ce maganinsu ke nan. Ban ga laifinsu ba. Dokar hana jabun magani ta 1999 ta tanadi tarar da ba ta wuce Naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun. Ga mai shigo da kwantena, wannan tara kuɗin shan shayi ce.

Sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. Alƙali ba ya ɗaure mutum don an nuna tulin kwalaye a talabijin. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har kokwanto ya kau. Idan ran mutum ake nema kuwa, alƙali zai ƙara tsananta bincike, kuma ya kamata ya yi.

Ku tuna da My Pikin, maganin fitar haƙoran jarirai da aka samu gubar diethylene glycol a cikinsa a 2008, ya kashe yara aƙalla 84. Masana'antar a Legas take, sunan kamfanin na jikin kwalba, ba a sha wahalar neman mai kaya ba. Duk da haka sai a 2013 Babbar Kotun Tarayya ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. To ina ga ƙwayar zazzaɓin da ta ratsa hannu biyar, adireshin da ke kwalinta ma na bogi ne?

Lauyan wanda ake tuhuma ba sai ya ce maganin na da kyau ba. Tambayoyi kawai zai jera. A gaban wa aka ɗebi samfurin? Wa ya liƙe shi, wa ya sa hannu? Kwana nawa ya yi a sito kafin ya isa ɗakin gwajin NAFDAC na Yaba, kuma mabuɗin yana hannun wa? Ina wanda ya yi gwajin, ya zo ya sha tambaya? Guri ɗaya aka yi sakaci, shari'ar ta ruguje. Sannan dole sakamakon ya bambance maganin da aka haɗa da gangan don yaudara da na gaskiya wanda zafin shago ya kashe masa ƙarfi. Dukansu na cutar da mara lafiya, amma laifin ba ɗaya ba ne.

Wanda ya fi sauƙin kamawa shi ne mai ƙaramin kemis a lungun unguwa, da yaron da ke yawo da kwalin magani a tasha. Yawancinsu sari suke yi ba rasit, a kan amana, yadda muka saba ciniki. Ranar da aka zo kame, ba takardar da za ta nuna daga wa suka saya, sai igiya ta tsinke a kansu, babban dillali ya koma ya buɗe wani sito. Ina tsoron idan aka kawo hukuncin kisa a wannan hali, wuyansu zai fara tararwa.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta ɗaga tarar, ba musu. Amma a fara tilasta rasit mai lambar rukunin magani a kowane sari, a ajiye samfurin da aka liƙe a gaban mai kaya kafin a cinna wa sauran wuta, a ba wanda ake tuhuma kasonsa ya gwada a inda ya yarda. 'Yan'uwana masu kemis kuma, gobe in kun shiga Idumota, kada ku fito da kwali ko ɗaya babu takarda.