Kada a ƙone wasiƙun ma'aikatan banki

A Damagaram in tsohon ma'aikacin banki ya rasu, magada kan raba gida da fili, takardunsa kuwa a ba mai tsire ya naɗe nama. Wannan asara ce. Bankin raya ƙasa na Nijar, BDRN, ya rushe a 1990, an kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Yadda ƴan kasuwar unguwar Zango suka ji a jikinsu, rahoton gwamnati ba zai faɗa maka ba. Yana cikin wasiƙar alhajin da ke roƙon a ɗaga masa ƙafa sai gyaɗa ta yi kuɗi. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10, mutanenmu suka ɗauka ta ce a cinna musu wuta a ta 11.

Babban kuskure shi ne ware "na gida" da "na aiki". A nan bashi da zumunci tare suke tafiya: takarda ɗaya ta fara da gaisuwar suna, ta ƙare da batun lamuni. Gidan Rothschild, shahararrun masu banki, sun adana a Landan wasiƙun ƴan'uwa biyar na gidan, Jamusanci da haruffan Ibrananci, kamar ajaminmu, labarin iyali da farashi a cakuɗe. A bar tsarin da mai su ya bari. Ambulan ma kada a yar, hatimin gidan waya ne ke ba da kwanan wata in wasiƙar ba ta da shi.

A cire ƙusar takarda da roba, tsatsa na cin takarda. Ban da salatif, ban da leda, tana riƙe danshin Agusta. A sa a kwali, a ɗora kan kantar ƙarfe santimita 15 daga ƙasa, nesa da bango, don gara ba ta sallama. Takardar faks a fara ɗaukar hotonta, rubutunta gogewa yake yi.

Mai yin rajistar takardun kuma ya kula da dala, wato sefa 5: "ɗari" a wasiƙar Hausa sefa 500 ce, jika kuma 1000. Wanda bai sani ba zai rage bashin mutum sau biyar.

Sai sirri. Wasiƙar da ke ɗauke da sunan mai bashi ba ta Facebook ba ce, jikokinsa na nan cikin unguwar Birni. Iyali su rubuta yarjejeniya da ma'ajiyar da za su ba, a faɗi shekarun da za ta zauna a rufe.