Kafin a shafe bango, a kira uwargida

Jiya na leƙa gidan da wani ɗan'uwa yake gyarawa a Shara Mansur, nan Makka. Tayil mai tsada, fenti sai sheƙi, amma ɗakin girki soket biyu kacal, ɗaya ma a bayan firji. Na ce masa, Alhaji, tausila, wato wayar ƙarin soket, nawa ka tanada?

Mu nan haka muke. Mu ƙi biyan kuɗin soket huɗu lokacin da bango yake buɗe, daga baya mu sayo tausila mai arha mu jibga mata butar shayi, tukunyar shinkafa da na'urar ɗumama abinci. Soket ɗin ƙasar nan mai ƙafa uku amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3000 a wutar volt 230. Butar shayi kaɗai tana iya cinye 2000. Sauran fa, ina za su zauna? Waya ce za ta yi zafi a bayan labule, ba mai gani.

Ra'ayina, wurin soket ba shawarar mai gyaran wuta ba ce shi kaɗai, balle ta maigida da bai san inda ake ajiye injin markaɗe ba. A kira uwargida ta zagaya da alli. Ita ta san inda ake guga, ta san ƙasan da ake kwarara wa ruwa duk Juma'a. A majalisi kuma ku tuna zaman ƙasa muke yi. In aka sa soket ƙasa-ƙasa, matashin jingina zai danne shi, baƙo ya yi ta laluben inda zai sa caji. A kicin a ɗaga shi sama da kanta, nesa da famfo da murhu. Mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da sakkan (na'urar zafafa ruwa), kowanne da layinsa daga tablon, wato akwatin rarraba wuta.

Sai maganar doka, wadda wasunmu suke ɗauka ta masu manyan benaye ce. Tun 2010 majalisar ministoci ta yanke a bar tsohon tsarin wutar volt 127 da 220 a koma 230. Duk wanda ya zauna tsohon gida a Misfala ko Jarwal ya san bango mai wuta iri biyu, ya kuma san warin rediyon da aka soka a inda ba nasa ba. Yau ƙa'idar gini ta SBC 401 tana neman wayar ƙasa, ta'arid ɗin nan, da na'urar da ke katse wuta in ta fara zuba. Ƙafa ta ukun nan ba ado ba ce.

Na tambayi yaron da ke aikin ina wayar ƙasan, koriyar nan mai ratsin rawaya. Ya ce ai Alhaji ya ce a rage kuɗi. Alhaji yana da jikoki biyar masu rarrafe da tsalle-tsalle. Na ce a dakata da fentin ɗakin yara tukuna, ranar Asabar zan dawo da mitar gwajin wuta.