Wanda ya raini yaro, nawa ne rabonsa a cinikinsa?

A watan Agustan 2023 Chelsea ta sayi Moises Caicedo daga Brighton a kan fam miliyan 115. Shekara biyu da rabi kafin nan, Brighton ta ɗauko shi daga Independiente del Valle ta ƙasar Ikwado a kan kuɗin da bai kai fam miliyan 5 ba. Ranar da labarin ya fita kowa yabon Brighton yake, wai sun iya kasuwa. Sun iya, ban musa ba. Amma ni tun ranar abin da ke cina daban ne: mutumin da ya fara ɗaura wa yaron nan igiyar takalmi, ya koya masa tare ƙwallo da ƙirji yana ɗan shekara goma, shi me ya shigo hannunsa?

Na daɗe ina bin wannan harka, kuma na yarda da abu ɗaya. Kuɗin matashin ɗan wasa yana taruwa ne a hannun wanda ya riƙe shi yana da shekara 19 ko 20, lokacin da aka riga aka gama wahala. Wanda ya sha rana da shi yana ƙarami, sai dai ya ga labarin a waya kamar kowa.

Ba wai babu doka ba. Akwai. Bayan hukuncin Bosman na 1995, wanda ya ba ɗan wasa a Turai damar tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare, FIFA ta fito da sabon tsari a 2001 mai ɗauke da biya iri biyu. Na farko diyyar horarwa, wadda ake biyan ƙungiyoyin da suka raini yaro daga shekara 12 zuwa 21, idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre, ko ya sauya ƙasa kafin ya wuce 23. Na biyu kaso 5 cikin ɗari na kuɗin cinikinsa, da ake ware wa duk waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23.

To a zauna a yi lissafin kaso biyar ɗin nan, a nan ne zuciyata take sosuwa. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 rabonta kwata ne na kaso ɗaya cikin ɗari. Daga 16 zuwa 23 kuwa rabin kaso ɗaya. Wato wanda ya riƙe yaro shekara huɗu cur, shekarun da ake gina ƙafa da tunani, kaso ɗaya kacal yake da shi. An sayar da yaro yuro miliyan 100, nasa miliyan ɗaya. Ga ƙaramar makarantar ƙwallo wannan dukiya ce, na sani. Amma yara nawa ake sayarwa miliyan ɗari? Akasari cinikin dubu ɗari uku ne ko biyar, kaso ɗaya a ciki ko kuɗin riguna da ƙwallaye na shekara bai cika biya ba. Wanda kuma ya fara da yaron tun yana shekara takwas ko tara, doka ba ta san da shi ba gaba ɗaya.

Diyyar horarwa ta fi tsoka. An kasa ƙungiyoyi mataki huɗu, kuma idan babbar ƙungiya mai mataki na ɗaya a Turai ce ta ɗauki yaro, za ta biya yuro 90,000 a kan kowace shekarar horo, sai dai shekarun 12 zuwa 15 da farashin mataki na huɗu ake auna su, yuro 10,000. Yaron da ya zauna wuri ɗaya daga shekara 12 har ƙarshen 17, diyyarsa za ta kai yuro 220,000. Kuma daidai saboda tsokar nan ake guje mata.

Na taɓa zama kusa da wani koci ranar da wakilin 'yan wasa ya kawo masa takarda. Yaronsa ne ya samu gwaji a waje, sun ce suna so, amma da sharaɗi: ya sa hannu ya yafe diyyar horarwa. Wakilin bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Koci, idan ka riƙe wannan takarda, ka riƙe arzikin yaron nan." Mahaifin yaron yana zaune a gefe, bai ce komai ba, kallon kocin kawai yake. Na ga yadda ya riƙa juya biro a hannunsa ya fi minti biyar. Mutumin da ya shekara shida yana wanke rigunan yara da kansa, yana biyan kuɗin mota daga aljihunsa ranar wasa. Ya sa hannu. Da ni ne ma zan sa, don wa zai so a ce shi ya toshe wa yaro hanya? Amma wannan ba ciniki ba ne, tursasawa ce da aka lulluɓe da kunya.

Wata dabarar ita ce a fara ajiye yaro a ƙaramar ƙungiya mai mataki na huɗu, wadda ba ta biyan diyya, bayan ɗan lokaci a wuce da shi inda aka nufa tun farko. FIFA ta haramta wannan gada a 2020. Ta kuma buɗe ofishin tattara kuɗi a Faris a Nuwamban 2022, domin biyan ya riƙa bi ta hannunta kai tsaye zuwa ga masu haƙƙi. Na yaba da hakan ƙwarai. Sai dai ofishin da fasfon ɗan wasa yake aiki, wato tarihin rajistarsa shekara bayan shekara. Idan ba a taɓa yi wa yaro rajista da hukumar ƙwallon ƙasarsa da sunan ƙungiyarka ba, a idon kwamfuta ba ka taɓa ganinsa ba. A nan kam laifin bai tsaya kan manya kawai ba. Masu ƙananan ƙungiyoyi, don Allah ku yi rajista, ku adana takarda, ku nemi a rubuta muku kaso a ciniki na gaba kafin ku saki yaro. Hoton da kuka ɗauka tare a bakin fili ba hujja ba ne.

Sai farashin kansa. Real Madrid ta amince ta biya Flamengo yuro miliyan 45 a kan Vinicius a 2017 yana da shekara 16, ta jira ya cika 18 saboda dokar hana cinikin ƙananan yara tsakanin ƙasashe. Wannan ta ci riba. Atletico Madrid ta zuba yuro miliyan 126 a kan Joao Felix a 2019 yana da 19, bayan kaka ɗaya tak a babbar tawagar Benfica. Tun daga ranar ba a ƙara kallon wasansa ba sai da lambar nan a gaba. Ya taɓa ƙwallo a ce miliyan 126, ya ɓarar a ce miliyan 126. Ba shi ya yanka wa kansa farashi ba, amma shi ya ɗauki kayan a ka.

Wani lokacin ma farashin ba ƙwallon yaro yake aunawa ba, littafin akawu yake gyarawa. Ɗan wasan da ƙungiya ta raina da kanta, duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla a lissafi, mai saye kuwa yana rarraba kuɗin a kan shekarun kwantiragi. Shi ya sa a ƙarshen watan Yunin 2024, dab da rufe lissafin shekara a Ingila, muka ga ƙungiyoyi suna musayar matasa. Chelsea ta ɗauki Omari Kellyman daga Aston Villa a kan fam miliyan 19, yaro ɗan shekara 18 da wasanninsa a babbar tawaga ba su cika yatsun hannu biyu ba. Yaron da ya taso yana mafarkin sa rigar ƙungiyarsa, shi ne na farko da ake fitarwa, don shi ya fi gyara lissafi.

Abin da nake so a canza ba shi da yawa. A ɗaga rabon shekarun 12 zuwa 15 ya daidaita da na sama, a sauko da farkon lissafi ƙasa da 12, kuma a hana karɓar takardar yafe diyya daga ƙaramar ƙungiyar da ba ta da lauya, sai hukuma ta zauna ta duba yadda aka samo sa hannun. Kocin nan da na ba ku labari har yau yana fita fili da asuba. Yara talatin ne a hannunsa yanzu, kuma bana ya yi wa kowannensu rajista.