Ku ɗauki nauyin mujallar, amma ku bar wa edita alƙalaminsa

Makon jiya na shiga neman wata maƙala ta wata mujallar ilimi ta intanet, wadda na daɗe ina tura wa ɗalibaina masu koyon aikin malanta. Wata malamar firamare ce ta rubuta ta, a kan abin da ya faru a ajinta bayan an raba wa yara kwamfutar hannu: waɗanda suka ci gaba, waɗanda suka koma baya, da yadda rabin lokacin darasi ya riƙa tafiya wajen neman caja da tuna kalmar sirri. Ina danna adireshin sai ga farin shafi, da sanarwar cewa an sa sunan shafin a kasuwa. Na nemi ɗaya daga cikin editocin mujallar, ya ce min tallafin da suka samu na shekara biyu ne, ya ƙare, ba a sabunta ba, har kuɗin ajiye shafin ya gagare su. Aikin mutane na shekaru ya tafi haka nan, ba gobara ba ambaliya.

Tun ranar abin ke ci min rai. Shi ya sa nake son yin magana da masu hannu da shuni, da gidauniyoyi, da jami'o'i, har da kamfanonin fasaha su kansu.

Abin da ya samu wannan mujalla ya samu wasu da yawa. A shekarar 2020, Mikael Laakso da abokan bincikensa sun bi diddigi, suka gano mujallun ilimi sama da 170 da ake karantawa kyauta waɗanda suka ɓace ɓat daga intanet tsakanin 2000 da 2019. Littafin takarda ko an daina buga shi za a tsinci kwafinsa a wani ɗakin karatu. Shafin intanet kuwa, ranar da aka kasa biya, ranar yake mutuwa.

To me ya sa na fi damuwa da mujallar da ke duba amfani da fasaha a harkar ilimi? Saboda a wannan fanni mai talla ya fi mai bincike murya. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 kan fasaha a ilimi ya faɗi haka ƙarara: ingantacciyar hujjar da ba ta da ɓangare ta yi ƙaranci, kuma da yawan hujjojin da ke yawo daga wajen masu sayar da kayan suke fitowa. Rahoton ya ce a Birtaniya kashi 7 cikin ɗari ne kawai na irin waɗannan kamfanoni suka yi gwaji mai tsauri, wanda ake kwatanta yaran da suka yi amfani da kayan da waɗanda ba su yi ba. Ya kuma ce a matsakaicin lissafi kayan kan sauya duk wata 36, wato kafin a gama auna wani an riga an kawo sabo. Shugaban makaranta da ba shi da wurin duba gaskiya, cinikin biri a sama kawai yake yi da dukiyar iyayen yara.

Ku tuna shirin ba wa kowane yaro kwamfuta da Nicholas Negroponte ya gabatar a 2005. Duniya ta ɗauka da murna, ni ma ina cikin waɗanda abin ya burge, kuma har yau ina ganin niyyar mai kyau ce. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba. Sai a 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun firamare 319 na karkara. Bayan wata 15, yara sun iya sarrafa na'urar, an ga ɗan ƙari a kaifin tunaninsu, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba. Wannan sakamako bai yi wa kowa daɗi ba, amma ya fi tallace-tallace dubu amfani, domin ya nuna wa gwamnatoci cewa na'ura ba ta koyarwa ita kaɗai in ba a shirya malami ba. Haka a 2022, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta duba manhajoji da shafukan karatu 163 da gwamnatoci 49 suka amince da su lokacin annobar korona, ta samu kashi 89 cikin ɗari suna iya bibiyar bayanan yara. Wane kamfani ne zai buga wannan a takardar tallarsa? Dole a samu wurin da za a faɗi irin wannan magana, a tantance ta, kuma ta zauna inda malami zai same ta ba tare da an nemi ya biya ba.

Wani zai ce ai buɗe mujalla a intanet kyauta ne. Manhajar kam akwai ta kyauta: Open Journal Systems, wadda ta fito daga shirin da John Willinsky ya kafa a 1998 a Kanada, dubban mujallu na amfani da ita. Amma manhaja ba ta karanta maƙala. Ni na san wannan aikin da hannuna. Maƙala takan iso min da dare bayan na gama duba takardun ɗalibai, shafi ashirin, da jadawalin alƙaluma da dole in sake lissafawa in ga ko abin da marubucin ya ce shi ne abin da lambobin suka ce. Mu masu bitar maƙala kafin a buga ba ma karɓar ko sisi, kuma ba mu nema. Amma akwai wanda ke bin mu da tuni, akwai mai tace rubutu, akwai mai tsara shafi, akwai rajistar lambar dindindin ta kowace maƙala, akwai ajiye kwafi a rumbunan da ba sa mutuwa da mutuwar shafi, irin tsarin LOCKSS da aka fara a Jami'ar Stanford. Nan ne kuɗin ke shiga. Idan babu mai ɗaukar nauyi, ɗayan biyu ne: ko a rufe ƙofa sai mai karatu ya biya, ko a ɗora wa marubuci kuɗin bugawa. Duk biyun malamin aji suke kora, alhali shi ne ya fi kowa sanin abin da ke faruwa idan aka kunna na'ura a gaban yara arba'in.

Sai dai fa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Nan ne tsorona yake. Na taɓa zama a wani taro inda wakilin wani kamfani mai sayar da manhajar karatu ya yi tayin ɗaukar nauyin wata ƙaramar mujalla. Ya yi magana cikin ladabi, kuɗin ma ba laifi. A ƙarshe ya ƙara da cewa suna so a riƙa nuna musu duk maƙalar da ta ambaci kayansu kafin a buga, don kawai su gyara kurakurai. Ɗakin ya yi tsit. Editar, wadda na san watanni take biyan wasu kuɗaɗen daga aljihunta, ta yi godiya ta ce ba za su iya ba. Na ga yadda abin ya yi mata nauyi, kuma na san ta yi daidai. Ranar da marubuta suka ji cewa mai kaya na leƙa rubutunsu, ba sai an hana su komai ba, su da kansu za su fara sassauta harshe.

Ba ina cewa a ƙi kuɗin kamfani ba ne. A karɓa, amma a rubuta a yarjejeniya cewa mai ba da kuɗi ba shi da ta cewa kan abin da za a buga, ba ya naɗa edita, ba ya ganin maƙala kafin kowa. A sa sunansa a fili a shafin farko, mai karatu ya san wa ke biya. Kuma kada a jingina da mutum ɗaya; hannu uku ko huɗu sun fi, don in ɗaya ya janye rumfar ba za ta faɗi ba. Abin da na fi roƙo shi ne tsawon lokaci. Alkawarin shekara biyar, ko da kaɗan-kaɗan ne, ya fi babbar kyautar shekara ɗaya da ake ɗaukar hoto a watse. Mujallar IRRODL ta bincike kan karatu daga nesa, da Jami'ar Athabasca ta Kanada ke riƙe da ita, tana fitowa tun 2000, kowa na karantawa kyauta, saboda akwai cibiyar da ta tsaya mata.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo aji, ana ta kawo wa makarantu tayin manhajoji sababbi, malamai kuma na ta tara abin da suka gani da idonsu ba su da inda za su kai. Maƙalar malamar nan dai na samu kwafinta a cikin tsofaffin saƙonnina na imel, na buga a takarda na raba wa ɗalibaina. Wata daga cikinsu ta tambaye ni adireshin da za ta rubuta idan ta kafa hujja da ita a aikinta, na rasa abin da zan ba ta.