Ranar da masunta suka tsare ni kan kwalabe a Tiga

Kun dai san furojet ɗina a kan dayatom ne, ƙananan halittun ruwan nan da sai da madubin likita ake ganinsu. Aikin ba wuya: ka ɗebi ruwan dam, ka ƙirga su, ka zuba sauran a kwalabe ka ɗaure cikin ruwan, bayan awa 24 ka sake ƙirgawa ka ga ko sun ninka. Da yamma na ɗaure kwalabena a turke a bakin dam ɗin Tiga, na tafi.

Da sassafe na dawo na tarar da kwalaben jere a ƙasa, masunta sun zagaye su. Ashe daren jiya kamu bai yi kyau ba.

Wani dattijo ya ce, "Yaro, kai ka binne mana wannan?"

Na durƙusa na ce, "Baba, bincike ne. Wasu halittu ne a ciki, ido ba ya ganinsu, gidansu na gilashi ne, kamar samira da murfinta. In za su haihu sai ɗaya ta rabe biyu, wannan ta ɗauki murfi, waccan ta ɗauki gindi, kowacce ta ƙera sauran."

Ya yi shiru, ya dubi jama'a. "Kun ji ko? Ba a ganinsu, suna da gida, suna haihuwa. Kuma shi ya rufe su a kwalba."

Wani ya ja salati. Na ƙara da cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da muke shaƙa su ke samar da ita. Dattijo ya ce, "Iska! Da bakinsa ya faɗa."

Duk wannan fa ina tsugune, gwiwa cikin taɓo, yara suna leƙen fuskata.

Amma wanda ba zan yafe wa ba shi ne mutumin naku, abokin karatuna, wanda na biya wa kuɗin mota don ya riƙe min jaka. Yana can gindin bishiya wai waya yake amsawa, wurin da ko sabis babu. Shi ne kuma, da aka buɗe jakar aka ga kwalbar da na ɗiga wa aidin don kada halittun su ruɓe, ruwan ya yi kalar shayi, ya ɗaga murya daga nesa: "Wallahi ni ma ban san mene ne wannan ba." A aji ɗaya muke, shi ya auna min aidin ɗin!

Wani malamin firamare ne ya cece ni, amma an riga an tuttule kwalaben. Mai duba aikina ya ce in koma makon gobe. Kuɗin motar ma har yau mutumin naku bai ce komai ba.