Hoton Hitler a guruf ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare a guruf ɗin 'yan ajinmu na WhatsApp wani ya turo hoton Hitler, an rubuta a ƙasa wai da ma ya ƙarasa aikinsa kan Yahudawa. Kafin ka ce me an cika guruf da dariya, ni ma wallahi saura kiris in danna, sai jikina ya yi sanyi.

Wai mun san abin da muke wa dariya kuwa? Yahudawa kusan miliyan 6 gwamnatin Hitler, shugaban Jamus na wancan zamani, ta sa aka kashe a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a sansanin Auschwitz na ƙasar Poland uwa da goyonta ake turawa ɗaki a ce musu wanka za su yi, a garƙame ƙofa a saki iskar guba. Jaririn nan me ya yi wa Falasɗinawa? Ita Isra'ilar ma sai a 1948 aka kafa ta.

Na san zafin Gaza ne ke cin mu, ni ma yana hana ni barci, amma ku buɗe Suratul Ma'ida aya ta 8, Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. A Bukhari da Muslim, an wuce da gawa Manzon Allah (SAW) ya miƙe, aka ce ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne?

Wanda ya fi taɓa ni kuma na Nana Safiyya 'yar Huyayy ne. Nana Hafsa ta kira ta 'yar Bayahude, Annabi ya shigo ya tarar tana kuka, da ya ji dalili ya ce mata ke 'yar annabi ce, baffanki annabi ne, kuma kina auren annabi, sannan ya ce ki ji tsoron Allah ya Hafsa. Tirmizi ya ruwaito. Gori ne tsakanin kishiyoyi fa, amma bai bar shi ya wuce ba.

Ban tozarta ɗan uwan a guruf ba, gefe na bi shi na ce Malam don Allah ka goge. Ya ce haba ai wasa ne. Na tura masa hadisin gawar nan, ya karanta bai ce komai ba, da asuba na duba na ga ya goge. Allah ya yafe mana baki ɗaya.